Tuna baya: Yadda muke yawon waƙar Maulidi daga Gyadi-Gyadi zuwa Dala

Duk wanda ya yi Islamiyya a Gyadi-Gyadi ko Tarauni a shekarun 1980 ya san da zarar watan Safar ya kama, bitar waƙa ke karɓe fili. Malam zai zaɓi mai zaƙin murya ya riƙa bayarwa, mu kuma muna amshi.

Makonni muke yi muna haddar baitocin Ishiriniya da Burda da waƙoƙin yabon Annabi (SAW) na Hausa, har murya ta dushe, iyaye mata su haɗa mana citta da zuma.

Ranar 12 ga Rabi'ul Awwal a unguwa muke zagaye. Babbar tafiya sai ranar Takutaha, 19 ga wata. A loda mu a bayan a-kori-kura da sabon yunifom, mu miƙe Titin Zariya, mu shiga gari ta Ƙofar Nassarawa, ba a yanke waƙa har gindin Dala. A can makarantu ke gwada murya, wanda ya ɓata amshi kuwa ya sha tsiya har wata shekara.

Yau yara na fita, amma galibi lasifika ke waƙar, su kuma suna bin mota. Malaman da suka tsara mana baitoci da yawa sun rasu, littattafansu na ajami gara ta ci, kaset-kaset sun lalace.

Masu amshin jiya dai suna nan, kuma waya na hannun kowa. A naɗi muryoyinsu tun suna tuna karin.