Yadda abincin tamowa ya fito daga asibiti ya shiga gidaje

Ya ku 'yan kasuwa da iyayen yara, kun san ƙullin markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan da ake bai wa yaro mai tamowa. Labarinsa ya isa ya nuna muku yadda sana'ar da aka kafa don magance wata matsalar jama'a take faɗaɗa har amfaninta ya kai ga dubbai.

A da, yaron da tamowa ta yi wa tsanani sai an kwantar da shi a asibiti na makonni, ana ba shi wata madara da ake damawa da ruwa mai tsafta. Uwa ta bar gona da sauran 'ya'ya, gadajen kuma ba sa isa. A shekarar 1996 wani likita ɗan ƙasar Faransa, André Briend, tare da kamfanin Nutriset, suka haɗa gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Ba a dafa shi, ba a dama shi, ba ya buƙatar firji. Da yake babu ruwa a cikinsa, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa. Wannan sauƙin shi ne tushen yaɗuwarsa, domin abin da uwa za ta iya yi da hannunta a ɗakinta ba ya jiran gadon asibiti.

An ga haka a Nijar lokacin yunwar 2005, sa'ad da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, galibinsu a yankin Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida suka warke. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da wannan hanya a hukumance.

Wani mataki kuma shi ne kusanto da masana'anta. Kamfanin ya bai wa wasu izinin yin abincin a ƙasashensu, ciki har da STA da ke Yamai. An dai soki kamfanin kan riƙe haƙƙin mallakar haɗin, kuma a ganina sukar tana da tushe, don ƙarancin masu yi kan hana farashi sauka. Daga baya aka miƙa wa iyaye mata har aikin gano cutar: a Mirriya ta jihar Damagaram an koya musu auna damtsen yaro da zare mai launi uku. Ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, wato a garzaya asibiti.

Sai dai duk wannan tsari yana iya rushewa a kasuwa. Ƙulli ɗaya giram 92 ne, kuma bisa nauyin yaro ake lissafa adadin da zai ci kowace rana, na tsawon makonni shida zuwa takwas. Kowane ƙulli da kuka gani a kan tebur ana sayarwa, daga rabon wani yaro aka zare shi, domin kyauta ake bayarwa. Kada ku saya, kada ku sayar, kada kuma a raba wa yayyen mara lafiya. Idan damtsen ɗanku ya nuna ja, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, ku kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko ta wane gefen iyaka kuke.