Za ka haɗa kwamfutar wasa? Kada ka yi rowa wajen fawa-fak

Matashin da ya zauna lissafin haɗa kwamfutar wasa, da katin hoto yake farawa. Daga nan ya koma kan firosesa da RAM da SSD, har da fitilu masu launi da za su ƙawata akwatin. Sai kuɗi sun kusa ƙarewa yake tunawa da na'urar da za ta ciyar da waɗannan duka da wuta, wadda masu gyara ke kira fawa-fak, a jikin kwali kuma ake rubuta PSU. A lokacin ne za ka ji an ce wa mai shago: "Ba ni kowanne ma, in dai yana kawo wuta." Wannan ba shi da bambanci da mutumin da ya sayi mota ta miliyoyi, sannan ya riƙa zuba mata gurɓataccen man bumburutu. A kayan cikin kwamfuta, fawa-fak ne idan ya tashi mutuwa ya fi saurin tafiya da 'yan uwansa.

Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango, mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240 a ƙasashenmu, ya tace ta, ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Katin hoto da firosesa, waɗanda su ne manyan masu ci, daga layin bolt 12 suke sha. Riƙe wannan, domin a nan yawancin yaudarar take.

Wat nawa kake buƙata?

Fara da duba abin da katin hotonka ke ci. RTX 4060 wat 115 yake ci, RTX 3060 wat 170, RX 580 wat 185, RTX 4070 wat 200. Manyan kuwa ba a magana: RTX 4090 yana cin wat 450, RTX 5090 kuma 575. Sai firosesa. Ryzen 5 5600 bai kai wat 100 ba, amma Core i9-13900K yana iya haurawa zuwa 253 idan aiki ya yi zafi. Ƙara kamar wat 60 zuwa 80 na babban allo da RAM da SSD da fankoki.

Wanda ya haɗa Ryzen 5 5600 da RTX 3060, jimillarsa tana wajen wat 330. Amma kamfanin Nvidia fawa-fak mai wat 550 ya ba da shawara ga wannan kati, kamar yadda ya ce 650 ga RTX 4070, da 850 ga RTX 4090. Wannan rarar tana da dalili. Katin hoto ba a mizani ɗaya yake jan wuta ba. Yakan zabura cikin ƙiftawar ido ya ja fiye da abin da aka rubuta masa nesa ba kusa ba. Idan fawa-fak ya kasa ɗaukar zaburar, sai kwamfuta ta mutu ɗif ana tsakiyar wasa, mai ita ya yi ta zargin Windows. Haka kuma fawa-fak ya fi yin aiki cikin sanyi da rashin ƙara idan yana ɗauke da kusan rabin abin da zai iya.

Wannan ba ya nufin ka sayi mai wat 1,200 don ƙaramar kwamfuta. Abin da take buƙata kaɗai za ta ja, ragowar kuɗin kuwa da sun fi amfani a wani wurin.

Karanta takardar gefe, ba babbar lambar kwali ba

Kowane fawa-fak yana da takarda manne a gefensa. Nemi inda aka rubuta +12V, ka duba amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, ka ninka da 12. A ce ka ga 45A: wat 540 ke nan, kuma haka nagari mai wat 550 ya kamata ya kasance. A ce kuma wani an rubuta masa 500W da manyan baƙaƙe, amma layin bolt 12 ɗinsa 18A ne: wat 216 kawai zai iya ba katinka da firosesa. Sauran lambar an cike ta da layukan da kwamfutar zamani ba ta cika amfani da su ba, ko kuma ƙarya ce tsagwaronta.

Ɗaga shi ka ji. Nauyi ba hujjar inganci ba ne, amma wanda ka ji shi sakayau, da siraran wayoyi, ba sunan kamfani ba lambar samfuri, ajiye shi. Araha ba ta ado.

Duba kuma matakan kariya da aka lissafa a kwali ko a shafin kamfanin: OVP da UVP na hawa da saukar wuta, OCP da OPP na lodin da ya wuce ƙima, SCP na haɗuwar waya, OTP na zafi. Su ne ke sa fawa-fak ya kashe kansa kafin ya ƙona katin da ka yi watanni kana tara kuɗinsa.

Tambarin 80 Plus ba shaidar inganci ba ne

Tun 2004 ake amfani da tambarin 80 Plus, mai matakai irin su Bronze da Gold da Platinum da Titanium. Babban abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi. Idan kwamfuta na buƙatar wat 400, fawa-fak mai kashi 80 cikin 100 zai ja 500 daga bango, mai kashi 90 kuwa kamar 444. Ga mai amfani da sola da batir, ko mai zaune a ɗaki cikin zafin bazara, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Sai dai tambarin bai ce komai a kan ƙarko ko kariya ba. A 2021 masu gwaji na tashar Gamers Nexus sun nuna yadda samfuran Gigabyte guda biyu, GP-P750GM da GP-P850GM, suke fashewa da tartsatsi a wajen gwaji, alhali dukansu Gold ne, har kamfanin ya buɗe ƙofar musanya. Darasin shi ne suna kaɗai bai isa ba. Kamfanoni da yawa ma ba su suke ƙera fawa-fak ɗinsu ba, masana'antu irin su Seasonic da CWT da FSP ne ke yi musu. Saboda haka nemi gwajin ainihin samfurin da za ka saya, ka duba garantinsa. Nagari yakan zo da shekara 5 zuwa 10.

Wayoyi

Tabbatar akwai babbar waya mai fil 24, da mai fil 8 ta firosesa, da isassun wayoyin katin hoto. Mai fil 6 wat 75 aka ƙayyade mata, mai fil 8 kuma 150. Idan kati na neman biyu ko uku, gara kowacce ta fito da kanta daga fawa-fak. Guji jone-jonen da ake ɗauko wuta daga wayar SATA a kai wa kati, narkewa suke yi.

Sababbin manyan katuna suna amfani da waya mai fil 16, wadda ta zo da tsarin ATX 3.0 a 2022, tana ɗaukar har wat 600. A ƙarshen 2022 aka yi ta samun rahoton narkewarta a jikin RTX 4090, Nvidia kuma ya danganta hakan da rashin tura ta har ƙarshe. Daga baya aka gyara fasalin mahaɗar a ATX 3.1. Idan irin wannan kati gare ka, tura wayar har ta kama, kada ka lanƙwasa ta dab da bakinta.

Wani gargaɗi: fawa-fak da ake cire masa wayoyi, kada ka sa masa wayar wani, ko da kamfaninsu ɗaya kuma bakin ya shiga daidai. Tsarin cikin yakan bambanta, kuma kunnawa ɗaya ta isa ta kashe SSD.

Halin wutarmu da kayan gwanjo

Tsofaffin fawa-fak suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Wanda ya fito daga Amurka yakan zo a kan 115, kuma idan aka jona shi haka a soket ɗinmu, nan take zai buga. Na zamani da aka rubuta wa 100–240V ya fi jure hawa da saukar wuta, amma ba ya maye gurbin sitabilaiza ko UPS. Wajen sayen UPS ka lura cewa VA ba wat ba ne: mai 1000VA sau da yawa wat 600 yake bayarwa. Nemi UPS ko inbata da aka rubuta wa pure sine wave, domin wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da wanda ba irin wannan ba. Idan janareta ne, bari ya daidaita kafin ka kunna.

Masu sayen kwamfutar ofis ta hannu, irin su Dell OptiPlex, don su sa mata kati, su sani cewa ƙananan cikinsu fawa-fak ɗinsu bai cika kai wat 300 ba, kuma wayoyinsa na kamfanin ne kaɗai. Kati marar neman ƙarin waya, kamar wasu nau'o'in GTX 1650, shi ya dace da su.

Ƙurar hunturu tana toshe fanka, don haka a riƙa hure ta, kuma a ɗaga kwamfuta daga kan kafet. Amma kada ka kuskura ka kwance fawa-fak. Kafasitocin cikinsa suna riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare shi daga bango. Idan ka ji warin ƙauri ko ƙarar tartsatsi, zare shi, ka canza shi.

Ware kuɗin fawa-fak tun farkon lissafi. Idan aljihu bai kai ba, sauko da katin hoto mataki ɗaya ka sayi nagari. Za ka canza kati sau biyu ko uku, shi yana nan yana aiki.