Taƙaitattun Kalmomi Masu Ma'ana Fiye da Ɗaya da Matsayinsu a Manhajar Hausa

Taƙaitacciyar kalma ita ce wadda aka gina ta hanyar ɗauko harufan farko na wasu kalmomi domin su tsaya a madadinsu. Da yake harufa ƙalilan ne, fannonin ilimi kuwa suna da yawa, ba makawa a sami taƙaitawa ɗaya tana hidima a fannoni biyu ko uku waɗanda ba su da wata alaƙa da juna. Harufan ba sa ɗauke da ma'anar. Fannin da aka yi amfani da su a ciki, da harshen da aka taƙaita kalmomin daga gare shi, su ne suke fayyace abin da ake nufi.

Misali mafi kusa da malamai shi ne NCE. A wajen ɗalibin kwalejin ilimi, takardar shaidar malanta ce, wadda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ayyana a matsayin mafi ƙarancin shaidar shiga aikin koyarwa. A wajen mai tsara manhaja kuwa, NCE ita ce Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda ministan ilimi yake zama da kwamishinonin ilimi na jihohi. Haka NEC: hukumar zaɓen da aka kafa a 1987, wadda ta gudanar da zaɓen 12 ga Yuni 1993, da wannan suna aka san ta, alhali kuma sunan Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ne da Mataimakin Shugaban Ƙasa yake jagoranta. Irin waɗannan ba su cika wahalar da mai karatu ba, domin jimlar da suka fito a ciki takan warware su.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne inda Hausa da Ingilishi suka yi karo a kan harufa ɗaya. Marubutan Hausa sukan rubuta BH a bayan shekara da nufin "Bayan Hijira". A rubuce-rubucen Ingilishi kuwa, AH ake sa wa wannan ma'ana, BH kuma tana nufin kafin Hijira, wato kishiyar abin da Bahaushe yake nufi. Idan littafi ya ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1218 BH, wato 1804 Miladiyya, ɗalibin da ya karanta harufan da idon Ingilishi zai mayar da Shehu baya zuwa sama da shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Jimlar ba za ta cece shi ba, domin duk fassarorin biyu shekara suke nunawa. Wannan tarko ya fi kama masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, musamman a jihohin kudu, saboda da Ingilishi suka fara sanin tsarin ƙidayar shekaru.

A darasin tsarin sauti ma akwai makamancin haka. Malamin Hausa yana amfani da B a madadin baƙi, W a madadin wasali, ya ce gaɓar Hausa iri uku ce: BW, da BWW, da BWB. Ɗalibin nan da ya fito daga ajin Hausa zai shiga ajin kimiyya ya tarar B alamar sinadarin boron ce, W kuma ma'aunin ƙarfin lantarki. Ba laifin kowa ba ne, kowane fanni da al'adarsa.

A ganina, Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya share fagen daidaita kalmomin nazari, saura a yi wa taƙaitawarsu irin wannan aiki. Kafin nan, ya kamata marubucin littafin makaranta ya rubuta kalma cikakkiya a karon farko da ta fito a kowane babi, ba a farkon littafi kaɗai ba, tunda ɗalibi babi yake karantawa. Mai tsara tambayoyin jarrabawa kuwa gara ya bar BH gaba ɗaya, ya rubuta "Bayan Hijira" a cike, ko ya haɗa da shekarar Miladiyya a gefe.