Zugin Fuska Da Ƙurajen Leɓe: Ba Sammu Ba Ne

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya domin mu tattauna wani ciwo da ke hana 'yan mata da yawa sakat, wato zugin nan da ke tasowa a ɓari ɗaya na fuska, ya yi ta tsira kamar allura, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ƙuraje masu ruwa su feso a leɓe. Na sha jin ana cewa iska ce ko jifa, wata ma har ta zargi kishiya. Haba 'yar uwa, daina ɗaukar alhaki!

Ƙwayar cuta ce likitoci ke kira HSV-1. Yawanci tun muna yara take shigarmu ta hanyar yawu ko sumba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita. Kin ga ke nan ba abin kunya ba ne.

Idan ƙurajen suka warke, ita ba ta barin jiki. Sai ta bi jijiya ta laɓe a gindin babbar jijiyar fuska mai rassa uku: na goshi, na kumatu, da na haɓa. Da zarar zazzaɓi, zafin rana, al'ada ko fargabar jarrabawa sun raunana jiki, sai ta farka ta biyo jijiyar ta dawo leɓe. Wannan tafiyar tata ce ke jawo zugin. Wani lokaci ma zugin kaɗai za ki ji, ba ƙurji ko ɗaya.

Kafso ba ya yi mata komai, balle toka ko man goge baki. Akwai magani mai suna Acyclovir, ba ya kashe ta gaba ɗaya, amma yana rage kwanakin ciwon in an fara shi da wuri bisa shawarar likita.

Don Allah idan ƙurajen sun fito kada ki ara wa ƙawa jan-bakinki. Kada kuma ki sumbaci jariri a gidan suna, domin tana iya halaka shi. In zafin ya taɓa ido, garzaya asibiti a ranar.

Allah Ya ba mu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.