Daga teburin MAGFest zuwa gidan gem na Birniwa: ina ƙaramin mawaƙi zai sayar da waƙarsa?

Duk watan Janairu, masoya wasannin bidiyo dubbai kan taru na kwana huɗu a National Harbor da ke jihar Maryland ta Amurka, domin bikin MAGFest da aka fara tun 2002. Ban da gasa da kaɗe-kaɗe, akwai kasuwa a cikin ginin, inda ƙananan mawaƙa ke kama tebur su baje faifan CD, kaset, riguna da 'yan katuna masu ɗauke da lambar sauke waƙa daga Bandcamp. Babu kamfani a bayansu. Mai waƙar shi ne mai talla, shi ne mai karɓar kuɗi.

Me zai sa mutum ya yini a tsaye gaban tebur alhali ga intanet? Lissafi ne. Spotify ta shigo Najeriya a 2021, amma tun 2024 ta sa doka cewa duk waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba za a biya mai ita ko kwabo ba. Ga wanda masoyansa ba su wuce ɗari ba, mutum goma da za su ciro kuɗi daga aljihu sun fi masa amfani.

Birniwa, a arewa maso gabashin Jigawa kan layin dogon Kano zuwa Nguru, ba ta da irin wannan biki. Abin da ya fi kama da shi shi ne gidan gem: ɗaki ko rumfa, talabijin biyu ko uku, PlayStation, janareta ko sola, da samari cike ana buga PES da FIFA (har yau haka ake kiransu, duk da Konami ta koma eFootball a 2021, EA kuma ta koma FC a 2023). Ranar da aka shirya gasa, musamman lokacin sallah ko bayan an sayar da riɗi kuɗi sun shigo hannu, wurin kan cika da daidai mutanen da yaro mai haɗa kiɗa da FL Studio ko BandLab yake nema.

Sai dai akwai wanda ya riga shi kafa tebur: mai tura waƙa. Da kwamfuta ɗaya da abin karanta memori, zai cika wa mutum waya da waƙoƙi da finafinai a kuɗi kaɗan. Waƙar MP3 ta minti huɗu a 128kbps ba ta kai 4MB ba, wato memori mai 8GB zai ɗauki kusan 2,000. A cikin wannan tulin, waƙa ɗaya ba ta da farashi, kuma abin da aka biya na mai turawa ne, bai kai ga mawaƙi. Da zarar ta shiga waya ɗaya, Xender zai raba ta ga unguwa kafin magariba, ba tare da data ba. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 tana nan a takarda, amma babu mai kai abokinsa kotu a kan fayil ɗin 4MB.

Saboda haka kwaikwayon teburin MAGFest kai tsaye ba zai yi ba. Katin Bandcamp na buƙatar data da mai saye da ya saba biyan kuɗin waƙa. Abin ɗauka daga can shi ne dalilin da ya sa ake saye: mutum ya ga mawaƙin ido da ido, sun gaisa, ya tafi da abin da ba kowa ke da shi ba. Wannan kuwa makaɗan Hausa sun san shi tun kafin a ƙirƙiri kwamfuta. Kuɗinsu a ambaton suna yake, da liƙi.

Mawaƙin Birniwa zai iya sayar da taken gasa ga mai gidan gem, ko kirarin minti ɗaya ga wanda ya ci kofi, ko sautin kira mai ɗauke da sunan mai waya. Irin wannan fayil ko an kwafa, ba ya yi wa wani amfani. A biya ta OPay ko Moniepoint, a tura nan take. Sauran waƙoƙin kuma gara ya kai wa mai turawa da hannunsa kyauta, su zama talla.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: lambar waya. Ana iya rubuta ta cikin bayanan ID3 na fayil da kuma jikin hoton waƙar, tana bin fayil ɗin duk inda aka tura shi. Amma masu turawa kan canja sunan fayil, wasu ma su ɗora nasu hoton. Shi ya sa ya fi tabbas a faɗi sunan mawaƙi da garinsa da baki, cikin daƙiƙa biyar na farkon waƙar.