Ya Kamata Kwalejoji Su Haɗa Kai Wajen Koyarwa Daga Nesa

Akwai malaman makaranta da akawuna da yawa waɗanda su ke ƙishin ƙarin ilmi, amma ba su da halin barin aiki da iyali su tafi kwaleji su zauna shekara uku ko huɗu. Domin irinsu aka ƙago koyarwa daga nesa, watau ɗalibi yana gida darasi ya iske shi, a da ta gidan waya da rediyo, yanzu kuwa har ta intanet. To, abin da ya kamata malaman jami'o'i da kwalejoji su zauna su tattauna shi ne: shin dole ne kowace makaranta ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai?

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun 1858 Jami'ar Landan ta yarda wanda bai zauna cikinta ba ya ɗauki jarrabawarta, kuma 'yan Nijeriya da dama sun sami digiri ta haka suna gida. Haɗin gwiwa ma mun san shi, gama Kwalejin Badun da aka buɗe a 1948 digirin Landan ɗalibanta su ke samu, har zuwa 1962 da ta tsaya da ƙafafunta. A 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta ke koyar da malaman firamare suna bakin aikinsu.

Amma misalin da ya fi dacewa da zancenmu yana can nesa, a tsibiran Tekun Pasifik. Ƙasashen wurin ƙanana ne, ruwa ya raba su, ba kowace ke iya riƙe jami'a ba. Sai suka haɗa kai, a 1968 aka kafa Jami'ar Kudancin Pasifik, wadda ƙasashe 12 su ka mallaka tare. Babban mazauninta yana Suba, babban birnin Fiji, aka sa sashen noma a Samowa, sashen shari'a kuma a Banuwatu. Malami yana tsibiri ɗaya, tauraron ɗan Adam ya kai darasinsa ga ɗalibai a sauran tsibiran.

Hikimar abin a fili ta ke. Shirya darasi mai kyau shi ne mai cin kuɗi da lokaci, amma in an gama shi, rarraba shi ga mutum dubu ba wuya. In kwaleji goma kowace ta rubuta nata darasin lissafi, an yi wahala goma a kan aiki ɗaya. In kuwa wannan ta ɗauki lissafi, waccan kimiyya, wata kuma tarihi, kowace ta kawo gwaninta, ɗalibi ya ci moriyar dukansu.

Sai dai haɗin kai ba ya yiwuwa sai an warware wasu al'amura tun da wuri. Wace makaranta za ta sa hannu a takardar shaida? In ɗalibi ya ci jarrabawa a wata kwaleji, tasa za ta karɓi sakamakon? Yaya za a raba kuɗin makaranta, wa zai biya malamin da ya rubuta darasi? Wa zai tsare jarrabawa don kada a yi maguɗi? Wanda ke ƙauyen da babu lantarki fa, za a aika masa da littattafai? Lalle a ji ta bakin ɗalibai ma, gama su su ka san inda ke yi musu ƙaiƙayi.

A watan Maris na 2020 annoba ta sa aka rufe makarantun Nijeriya, karatun ɗalibai masu yawa ya tsaya cik wata da watanni. Wannan ya isa ishara. Shugabannin kwalejoji su kira malamansu a fara shawara tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.