A Daina Yi Wa Kuɓewa Ƙazafi: Darasi Daga Tukunyar Itsekiri

Wata magana ta daɗe tana yawo a majalisun maza, yanzu kuma ta samu gindin zama a WhatsApp: wai kuɓewa tana kashe ƙarfin namiji, tana tsinka maniyyi, tana hana haihuwa. Sai ka ji wani ya naɗi murya, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya yi karatu ba, yana ta rantse-rantse cewa duk magidancin da ke shan miyar yauƙi kansa yake cuta. Kafin la'asar saƙon ya zagaye gari. Abin har ya kai akwai gidajen da maigida ya kafa doka kada a sake ɗora masa miyar kuɓewa, uwargida ta rasa yadda za ta yi, ga tumatir ya yi tsada, ga kuɓewa da araha a bakin ƙofa. Gaskiya wannan magana ta ishe ni.

Duk mai neman amsa ya leƙa Warri a jihar Delta, ƙasar Itsekiri. Mutanen ruwa ne, garuruwansu irin su Koko da Ode-Itsekiri da Ugborodo duk a bakin koguna da fadamun da ke malala cikin teku suke. Harshensu ɗan'uwan Yarbanci ne, tarihinsu kuma ya ce Ginuwa, ɗan sarkin Benin, shi ya kafa masarautarsu wajajen 1480. Sarkinsu na yanzu, Ogiame Atuwatse III, an naɗa shi a 2021. Cikin abincin da suke alfahari da shi akwai wanda suke kira gbagba fofo: farfesun kifi da kaguwa da jatan lande da katantanwar ruwa, a zuba masa ɗanyar kuɓewa. Wato farfesu ne mai yauƙi, yawanci babu mai a cikinsa. Maza masunta, masu tuƙa kwalekwale tun asuba, su ma suna shansa, kaka da kakanni. Da kuɓewa na hana haihuwa, ai da ba a samu wanda zai gaji kwalekwalen ba.

To daga ina maganar ta samo asali? Akwai wani sinadari mai suna gosifol da ke cikin irin auduga. A ƙasar Sin an lura cewa haihuwa ta ragu a wasu ƙauyukan da ke girki da ɗanyen man auduga wanda ba a tace ba. Daga nan, a shekarun 1970, aka tace sinadarin aka mai da shi ƙwaya, aka ba dubban maza suna sha kullum na tsawon watanni, domin a gwada shi a matsayin maganin tsarin iyali. Ya yi aiki, amma ya zo da illoli, aka watsar da shi. Kuɓewa kuwa dangin auduga ce, kuma akwai ɗan ɓurɓushin wannan sinadari a cikin 'ya'yanta, musamman idan ta ƙosa. Iyakar gaskiyar da ke cikin zancen ke nan. Sauran duk ƙari ne.

A duba tazarar da ke tsakanin abubuwan nan biyu. Can tataccen sinadari ne, an auna shi, ana haɗiya kullum ba fashi. Nan kuwa ɗanyar kuɓewa ce mai ƙananan 'ya'ya farare, an yanka ta an dafa a ruwa, mutum shida sun raba tukunya ɗaya. Gwaje-gwajen da masu yaɗa maganar ke kafa hujja da su a kan ɓeraye aka yi, da tataccen ruwan kuɓewa mai ƙarfin da babu wanda ke samun irinsa a kwanon tuwo. Ba a taɓa nuna cewa miyar kuɓewa ta hana wani ɗan'adam haihuwa ba.

Idan kuma dangantaka da auduga ce laifin, to sai a haɗa da rama da yakuwa, har da kuka, domin masana tsirrai duk gida ɗaya suka sa su. Wane ne zai tashi ya ce mu daina shan zoɓo da miyar kuka? Sannan a duba ƙasashen da suka fi kowa noman kuɓewa a duniya: Indiya ce ta ɗaya, Najeriya na biye da ita. Indiya ta haura mutum biliyan 1.4, mu kuma mun wuce miliyan 200. In dai haka kuɓewa ke hana haihuwa, lallai ba ta iya aikinta ba.

Wasu kuma ba ruwansu da wani sinadari, ido kawai suke bi. Sun ga miya tana yauƙi, sai suka yanke hukuncin cewa jikin mai shanta ma haka zai saki. Yauƙin nan wani nau'in harza ne da ke narkewa a ruwa. A hanji yake tsayawa, ya tausasa bayan gida, ya rage saurin shigar sukari cikin jini, ba ya ratsawa ya tafi wata gaɓa. Ban da shi akwai bitamin C da K da folet, wanda mai juna biyu ke matuƙar buƙata. Abin da ke raunana maza sananne ne: ciwon sukari, hawan jini, taba, tiramadol, ciwon sanyin da aka ƙi kai wa asibiti, da damuwa. Amma mutum ya zauna da kwalin sigari a aljihu da kwalbar maganin ƙarfin maza na tasha a ƙarƙashin matashi, ya ce miyar matarsa ce ta cuce shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai kuma masu yatsina fuska su ce kaguwa da jatan lande ƙwari ne, haramun ne. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, dabbar ruwa halal ce ko ba a yanka ta ba, aya ta 96 a Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da aka kamo a teku. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Wanda ransa bai so ba ya bari, amma kada ya haramta wa wani.

Yanzu ga yadda ake yin farfesun, don mutum biyar ko shida. A nemi kifi kilo ɗaya, kaguwa huɗu, jatan lande cikin tafi biyu, kuɓewa rabin kilo. Kuɓewar ta zama ƙarama, wadda in ka karya tsininta zai ɓalle ƙas. Wadda ta lanƙwashe ta ƙosa, a bar ta a yi busasshiya. Mu da ke nesa da teku, tarwaɗa ko giwan ruwa sun wadatar, in babu ɗanyen jatan lande a daka busasshe. Tarwaɗa a watsa mata ruwan zafi a kankare santsin, a wanke da gishiri. Kaguwa a ɓalle murfinta a cire soson nan mai launin toka da ke gefe biyu. Jatan lande a ɓare, a tsaga bayansa a zare baƙin zaren, amma kada a zubar da kawunan da ɓawon, a cikinsu daɗin romon yake.

Kayan ƙamshin su ne ran abin. Gyaɗar miya uku, a gasa a kan garwashi har ɓawon ya tsage, a ɓare a daka. Kimba biyu, a farfasa a zubar da 'ya'yan domin suna sa ɗaci. Ɗan masoro, attaruhu gwargwadon iyawar gida. Matan Warri suna ƙara wasu ƙananan 'ya'yan ƙamshi da ake kira ataiko da irugeje. In an samu madalla, in ba a samu ba farfesu ba zai ƙi yiwuwa ba. A tafasa kawunan jatan landen da kimbar a ruwa lita ɗaya da rabi na minti 15, a tace. A mayar da romon wuta, a zuba dakakken kayan ƙamshi da attaruhu da gishiri, a sa kaguwa ta yi minti 10. Sai kifi, shi ma kusan minti 10. Daga nan a ajiye ludayi, domin juyawa na farfasa kifi. A kama kunnuwan tukunyar a girgiza a hankali. Kuɓewar a raba ta biyu, rabi a daka a turmi don yauƙi, rabi a yanka ƙwaya-ƙwaya don a ji ta a baki. A zuba ta tare da jatan landen, a bar tukunya a buɗe, minti 4 ko 5 sun isa. A watsa ganyen ɗoɗɗoya a sauke tana nan kore shar. Kada a matsa lemun tsami a cikin tukunya, tsami na kashe yauƙi. Itsekiri da tuƙaƙƙen sitacin rogo suke ci, wanda aka sa wa ɗan manja ya yi rawaya, ko da dafaffiyar doya. Sakwara da teba ma suna tafiya da shi.

Ka lura ban ambaci kanwa ba. Nan ne namu laifin yake. Mun saba a jefa ƙullin kanwa a miyar kuɓewa, a burge ta da maburgi, a bar ta tana tafasa har ta yi baƙi. Kanwa tana lalata bitamin C da B1, kuma cike take da sinadarin sodiyam mai tayar da hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ɗanyar kuɓewa ƙarama da aka daka ba ta buƙatar taimakon kowa kafin ta yi yauƙi. Abin takaici, hawan jinin da kanwar ke taimakawa wajen kawowa yana cikin manyan masu raunana maza, amma ba a naɗi murya a kanta ba.

Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne kayan ruwan kansu. Kaguwa da rai ake sayenta. Wadda ta mutu ta kwana a tire halal ce, amma ta fara ruɓewa. Jatan landen firji, a garin da wuta ke ɗaukewa kullum, yana iya narkewa ya sake daskarewa sau da yawa kafin ya zo hannunka. A shinshina: in ya yi wari mai kama da na fitsari, ko naman ya yi laɓo-laɓo, a bar wa mai shi kayansa komai arahar. Sannan akwai waɗanda jininsu bai haɗu da kaguwa da jatan lande ba. Wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan. In aka ga ƙuraje sun feso, leɓe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a garzaya da shi asibiti nan take.

Kai kuma maigida da ka hana miyar yauƙi a gidanka, in da gaske kana jin wani canji a jikinka, je ka a auna maka sukari da hawan jini, ka yi wa likita bayani ba tare da kunya ba. Ka janye dokar nan, ka ba uwargida kuɗin kifi.